Akuya Ba Ta Cin Komai da Komai

Daga Mai Wurno har zuwa Gadarif a ƙasar Sudan, wanda zai fara kiwo yakan ji ana cewa akuya ba ta da wahala, domin wai duk abin da ta samu ci take yi. Wannan magana ta samo asali ne daga ganin awakin cikin gari suna tauna takarda da tsumma, alhali yunwa ce da rashin gishirin lasa suke kai su ga haka.

A gaskiya akuya ta fi tunkiya tsantseni. Ta fi son ganyen itatuwa da 'ya'yan gawo da na bagaruwa a kan ciyawar ƙasa, kuma harawar da aka tattaka ko fitsari ya taɓa, sai dai ta shinshina ta wuce. Saboda haka ya kamata a rataye harawa ko a ɗaga komin abinci tun kafin a kawo dabbar gida.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ƙasar noman dawa irin Gadarif shi ne gyauro, domin sabon tohon dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana ɗauke da guba mai iya kashe akuya cikin sa'o'i kaɗan. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana ɓata tumbi, don haka da kaɗan kaɗan ake sabar mata da dusa da tunkuzar riɗi. Leda kuwa ba ta narkewa; taruwa take yi a tumbi, akuya tana ramewa mai ita yana zargin tsutsar ciki.