Waiwaye: Yadda ruwa ya gina Sisili, yanzu kuma yake neman gagarar ta

Sisili, tsibiri mafi girma a Bahar Rum, tana ƙarƙashin Italiya. Baƙi na tururuwa can don ganin dutsen Etna mai aman wuta da kufan gidajen bautar Girkawa a Agrigento. Amma lambunan lemo da suka yi wa birnin Palermo suna aikin ban-ruwa ne.

A shekarar 827 rundunar Aglabawa, sarakunan Musulmi na Arewacin Afirka, ta taso daga Susa, a Tunisiya ta yau, ta sauka a Mazara, a gaɓar Sisili. Jagoranta Asad bin Furat alƙalin birnin Ƙairawan na Tunisiya ne, ya kuma yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina. Palermo ta shiga hannu a 831. A zamanin Musulmi noman lemon tsami, rake da auduga ya bunƙasa, tare da wata dabarar jawo ruwa mai asali daga Farisa. Akan haƙa uwar rijiya a gindin tsauni har a tarar da ruwa, sannan a sassaƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa mai ɗan gangare zuwa gonaki, a jera ƙananan rijiyoyi a kansa don shigar iska da kwashe ƙasa. Gwanintar duk tana ga gangaren. In ya yi yawa ruwa ya zaizaye ramin, in ya yi kaɗan laka ta toshe shi. Ba inji, ba dabba, kuma rana ba ta shan ko ɗigo. Har yau ana shiga da baƙi wasu daga cikin ramukan, da ɗan jagora, da hular kwano da fitila.

Normawa, mayaƙan Kirista daga arewacin Faransa, sun ƙwace Palermo a 1072, amma ba su kori gwanayen Musulmi ba. A fadar sarkinsu Roja na Biyu masanin ƙasa Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. Fadar Zisa, wadda aka fara ginawa a 1165, ruwa ne ke gangarowa daga bangon zaurenta ya bi magudanar ƙasa yana sanyaya ɗakin. UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Ɓarnar ta zo ne bayan yaƙin duniya na biyu. Daga shekarun 1950 aka riƙa sare lambunan da ke kewaye da Palermo ana kafa benaye, da hannun 'yan Mafiya, ƙungiyar masu aikata manyan laifuka, a kwangilolin. Bututun gwamnati kuma suka tsufa, har kusan rabin ruwan da ake turawa yana tsiyayewa a hanya. Wannan sakaci ne, ba laifin sama ba.

Sai zafi ya ƙaru. Ranar 11 ga Agusta 2021 ma'auni ya kai digiri 48.8 na Salsiyas kusa da birnin Sirakusa na Sisili, mafi tsanani da aka tabbatar a nahiyar Turai. A watan Mayun 2024 gwamnatin Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fari, a wannan shekarar tafkin Pergusa ya kusa ƙafewa, a Agrigento kuma ruwan famfo ya koma na rabo, har wasu ƙananan masaukai suka riƙa mayar da baƙi.

Mai niyyar zuwa gara ya zaɓi Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Oktoba. Kafin ya biya kuɗin ɗaki, musamman a kudu da tsakiyar tsibirin, ya tambaya ko gidan na da tankin ajiya, kuma kwana nawa yake ɗauka in famfo ya ɗauke.