Zaɓen sabuwar taya ga babur samfurin kuruza

Kuruza babban babur ne mai nauyi da ake ƙerawa don tafiya a kan kwalta, mazauninsa ƙasa-ƙasa, mahayi yana zaune a miƙe ƙafafunsa sun yi gaba. Asalinsa Amurka ne, daga kamfanonin Indian, wanda aka kafa a 1901, da Harley-Davidson na birnin Milwaukee, wanda ya fara a 1903. A shekarun 1980 kamfanonin Japan suka shigo da nasu, irin su Yamaha Virago da Honda Shadow da Kawasaki Vulcan da Suzuki Intruder. Da yawan waɗannan babura sun haura kilo 300 tun kafin kowa ya hau, kuma injinsu yana da ƙarfin fizga daga tsaye. Saboda haka tayarsu, musamman ta baya, ana gina ta ne don ɗaukar kaya da jure doguwar hanya, ba don tsere ba. Wanda zai canza ta, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne lambobin da ke jikinta. Sunan kamfani yana zuwa ne daga baya.

Lambobin jikin taya

A ɗauki taya mai rubutu 150/80B16 77H. Lamba ta farko faɗinta ce, milimita 150. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 80 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 120. Harafin B yana nuna irin saƙar cikinta, 16 kuma girman rim ne a inci. Sai 77H, wanda masu saye suka fi tsallakewa alhali nan ne maganar take. Lamba 77 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 412, H kuma gudun da ba za ta wuce ba, kilomita 210 a awa. Akwai taya mai wannan girman daidai da aka rubuta mata 71H, ita kuwa kilo 345 kacal take ɗauka. A ido ba a bambance su, duk biyun za su shiga rim ɗaya, amma tsakaninsu akwai kilo 67, nauyin mutum guda ke nan. Idan babur na ɗaukar mutum biyu da jakunkuna aka sa masa mai ƙaramar lamba, tayar takan yi zafi fiye da kima a doguwar tafiya, zafi kuwa shi ke raba saƙar ciki da roba har ta fashe. Ƙa'idar ita ce a sayi mai lambar da littafin babur ya faɗa ko wadda ta fi ta, kada a yi ƙasa.

Tsofaffin Harley da wasu na yanzu suna amfani da wani tsarin na haruffa, kamar MT90B16 ko MH90-21. M alamar tayar babur ce, harafin da ke biye kuma faɗi: T ya yi kusa da milimita 130, U kusan 140, H kusan 80.

Saƙar ciki

Iri uku ne. Akwai mai zaruruwa da suka giciye juna a karkace, wadda ake gane ta da ɗan layi tsakanin lambobi, kamar 130/90-16. Akwai irinta da aka ƙara wa ɗamara a ƙarƙashin zane, ita ce mai B. Sai radiyal mai harafin R, wadda ta shigo babura a shekarun 1980. Radiyal ba ta saurin ɗaukar zafi kuma tana kama kwalta sosai, shi ya sa ta mamaye baburan tsere. Amma kuruza da yawa har gobe masu karkatacciyar saƙa ake sa musu, domin gefensu mai tauri ne, suna jure nauyi, kuma sun dace da siririn rim. Ba a haɗa radiyal a ƙafa ɗaya da wata iri a ɗayar sai in haka kamfanin ya fito da babur ɗin.

Haka nan rim mai sifok galibi sai da tub, domin iska na bi ta ramukan sifok ta fita. Rim ɗin da aka zuba na ƙarfe guda shi ke ɗaukar tubles. Duk lokacin da aka canza taya, a canza tub da robar da ke rufe kan sifok. A tubles kuma a sa sabon bawul.

Kwaɗayin faffaɗar taya

Masu kuruza na son tayar baya mai faɗi saboda kwarjini, wasu baburan ma da mai milimita 240 suke fitowa. Matsalar tana zuwa ne idan aka cusa faffaɗa a rim da ba nata ba. Rim ɗin zai matse ta, bayanta ya yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, tsakiya ta riga ko'ina sudewa. Tana iya gogar bel ɗin da ke juya ƙafar baya ko madigadi, musamman da yake taya tana ɗan kumbura idan ta yi zafi. Akwai kuma masu sa tayar mota a ƙafar baya don ta daɗe. Kamfanonin taya ba su yarda da wannan ba: tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, ba a yi ta don kwanciya a kwana ba, kuma bakinta ba ya zama daidai a rim ɗin babur.

Roba da zane

Roba mai tauri tana daɗewa, mai laushi tana kama hanya, musamman a ruwa. Tun da kuruza ta fi tafiya a miƙe, tsakiyar tayar baya ce ke fara cinyewa har ta baje, babur ya riƙa turjiya idan za a sha kwana. Don haka wasu tayoyin, irin su Dunlop American Elite, ake yi musu tsakiya mai tauri da gefe mai laushi. Cikin sanannu a wannan fanni akwai Dunlop D402, wadda Harley ya daɗe yana fitowa da ita, da Michelin Commander, da Metzeler ME888, da Bridgestone Battlecruise H50, da Shinko 777 mai sauƙin kuɗi. Ya fi kyau gaba da baya su zama samfuri ɗaya, don tare aka tsara su. Ta baya takan riga ƙarewa. Ba laifi a canza ta ita kaɗai idan ta gaba na da sauran zane kuma ba ta tsufa ba.

Shekaru da lokacin canji

A gefen taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma kuruza na cikin baburan da ke shafe watanni a ajiye, sai a ga zane raɗau amma gefe ya tsattsage. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya a duba duk shekara bayan ta cika biyar, a cire ta idan ta kai goma komai kyanta. Wannan ya fi shafar mai sayen tayar gwanjo a ƙasa mai zafin rana, inda tsufan roba ke sauri.

A cikin ramukan zane akwai 'yan tudu masu nuna iyaka, a gefe an yi musu alamar TWI. Idan zane ya yi daidai da su, taya ta gama aiki. Doka a Birtaniya ta ce zurfin zanen babban babur kada ya gaza milimita 1, a Jamus 1.6.

Bayan an ɗaura

A tabbata kibiyar da ke gefe tana kallon inda ƙafar ke juyawa, a kuma daidaita nauyin ƙafar a na'ura don kada ta riƙa rawa. Iska ana auna ta taya na sanyi, da adadin da littafin babur ya bayar. Wanda aka rubuta a jikin taya na mafi girman kayan da za ta ɗauka ne. Sabuwar taya tana da santsi, don haka kamfanoni ke cewa a bi ta a hankali kimanin kilomita 160 na farko, ban da taka burki da ƙarfi ko kwantar da babur sosai a kwana.