Waiwaye: Yadda aka kai ga dasa haƙori a cikin ƙashi

Duk shekara idan alhazai suka fara dawowa, a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ba sai an nuna maka wanda ya sauke farali ba, murmushi ɗaya ya isa. Sai dai haƙorin Makka ado ne, kwanson zinare ko azurfa da ake rufa wa lafiyayyen haƙori. Mai giɓi, wanda ciwo ko hatsarin okada ya raba shi da haƙorinsa, tasa matsalar daban ce, kuma ta daɗe tana wahalar da masu magani.

Tun a Andalus, likita Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinare ko azurfa, da cike giɓi da ƙashin sa da aka sassaƙa. Malamai kuma sun daɗe suna kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare. Daga nan suka halatta wa namiji haƙorin zinare idan lalura ce. A Turai abin ya fi muni: bayan yaƙin Waterloo na 1815 an riƙa cire haƙoran sojojin da suka mutu ana sayar wa masu haɗa haƙori. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka samu roba mai tauri, a shekarun 1930 kuma aka samu irin robar da ake haƙoran cirewa da ita har yau.

Duk waɗannan a kan dasashi suke zama, babu wanda ya shiga ƙashi, kuma nan gizo ke saƙar. Ƙashin muƙamuƙi yana riƙe ƙarfinsa ne saboda saiwar haƙori tana danna shi a duk tauna. Ranar da aka cire haƙori, ranar ƙashin wurin ya fara zaizayewa. Wani bincike da aka yi a Denmark, aka buga a 2003, ya nuna faɗin ƙashin yana raguwa da kusan rabi cikin shekara guda, kuma kashi biyu bisa uku na raguwar cikin wata ukun farko yake faruwa. Shi ya sa haƙorin robar da ya zauna daram bara, bana sai ya fara rawa. Ka lura da dattijo a wurin walima: idan aka kawo tsire sai ya kau da kai, ya zare haƙoran ya naɗe a hankici ya sa aljihu, ya ɗauki nama mafi laushi yana mutsuka shi da dasashi.

Mafita ta ɓullo ne daga inda ba a zata ba. A 1952 wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin gudanar jini a cikin ƙashi, ya sa ɗan bututun ƙarfen titaniyom a ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa, bututu ya ƙi fita, ƙashi ya manne masa kamar tare aka halicce su. Jiki yakan kewaye baƙon abu da tantani ya ware shi, amma bai yi wa wannan ƙarfe haka ba. A 1965 a birnin Gothenburg ya dasa wa wani mutum mai suna Gösta Larsson ƙusoshin titaniyom huɗu a muƙamuƙin ƙasa, aka ɗora haƙora a kansu, kuma da su mutumin ya ci abinci har ya rasu a 2006. Likitocin haƙori ba su yi saurin yarda ba, domin sun sha ganin ƙarafan da aka cusa a baki suna ruɓar da ƙashi, ga shi Brånemark ba likitan haƙori ba ne. Sai da aka yi taron Toronto a 1982, ya baje sakamakon shekaru goma sha biyar, sannan duniya ta karɓa.

Aikin kansa ba shi da tsawo. A kashe wurin da allura, a buɗe dasashi, a huda ƙashi sannu a hankali ana zuba ruwan gishiri mai sanyi don kada zafin huji ya ƙona shi, a murɗa ƙusar ta shige, a ɗinke. Jiran ne mai tsawo, wata uku zuwa shida kafin a ɗora haƙorin tangaran a kai.

To idan ƙashin ya riga ya tafi fa? Mafi yawan ci gaban shekaru arba'in da suka wuce a kan wannan tambaya ya tsaya. A muƙamuƙin sama akwai kogo a gefen hanci, daidai saman turame, wanda ba ya barin isasshen ƙashi. Likitan Amurka Hilt Tatum ya fara ɗaga tantanin kogon a shekarun 1970 yana cika ƙarƙashinsa da ƙashi, kuma a 1980 wasu likitoci biyu, Boyne da James, suka buga bayanin aikin. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Suwidin suka nuna wata dabara da nake ganin ta fi kowace wayo: dasashi ya fi ƙashi saurin tsiro, don haka shi yake rigan cike rami. Idan aka zuba garin ƙashi aka rufe da siririn tantani, an tare wa dasashi hanya, ƙashi ya samu sarari ya tsiro a natse. Daga baya, wajen 2001, wani likita a Faransa, Joseph Choukroun, ya fito da ɗibar jinin majinyaci a juya shi a na'ura, a ɗauki daskararren ɓangarensa a sa a ramin don ya taimaki warkewa.

Garin ƙashin nan yana iya zama na majinyacin kansa, ko na mutum daga ma'ajiyar ƙashi, ko na saniya da aka ƙone aka tsarkake, ko na haɗi. Tantanin kuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka fi yawo a kasuwa daga jikin alade ake yin su. Akwai na saniya, akwai na haɗi. Musulmi yana da haƙƙin ya tambaya kafin ya kwanta a kujera, kuma likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

A Legas ba ilimin ne ya yi ƙaranci ba. Makarantar likitocin haƙori ta farko a Nijeriya tana Idi-Araba, a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas, tun shekarun 1960, bango ɗaya da unguwar Hausawa. Yau akwai asibitoci masu zaman kansu a Ikeja da Lekki da Victoria Island da ke ɗaukar hoton muƙamuƙi ta kowace fuska, su tsara wurin ƙusa a kwamfuta don kada a taɓa jijiya. Kuɗi ne katangar. Ƙusa da tantani da garin ƙashi duk daga waje ake shigo da su da dala ko yuro, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin ya ƙara nisa da ɗan kasuwar Mile 12 ko mai gadi a Ikoyi. Ga kuma yadda muke zuwa asibitin: sai kumatu ya kumbura, an kwana uku ba barci, an gwada kanumfari da fanadol, sannan a je a ce, "Likita, don Allah a cire shi kawai in huta." A lokacin ba mai tunanin ƙashi. Alhali ko da cirewar ta zama dole, ana iya cika ramin a ranar don rage zaizayewar, abin da ya fi sauƙi a kan sake gina ƙashi bayan shekara biyar.

Ba kowa ne dashen ke karɓa ba. Mai shan taba da mai ciwon sugan da bai daidaita ba sun fi fuskantar faɗuwarsa, haka mai ciwon dasashi da ba a magance ba. Ƙusa ba ta ruɓewa kamar haƙori, amma dattin da ke taruwa a gindinta yana kumbura dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da ita, sau da yawa ba tare da zafi ba. Kuma araha ba ta ado: wanda ba ya cikin rajistar hukumar likitoci ta MDCN bai kamata a bar shi ya huda ƙashin mutum ba.

A Japan kuwa wasu sun juya ga wata hanya dabam. Ayarin likita Katsu Takahashi ya gano cewa idan aka toshe wani sinadari mai suna USAG-1, wanda ke hana ƙarin haƙora tsirowa, ɓeraye suna fitar da sabon haƙori. A 2024 aka fara gwada maganin a jikin mutane a asibitin Jami'ar Kyoto, matakin farko na duba ko yana da illa. Yaran da aka haifa da ƙarancin haƙora ake son fara yi wa, kuma masu aikin sun sa 2030 a gaba.