Kalmar "set" a Turanci da Ma'anoninta

"Set" kalma ce ta Turanci mai haruffa uku da gaɓa ɗaya, wadda ta yi suna wajen yawan ma'anoni. Takan zo a matsayin aikatau, takan zo suna, takan kuma zo sifa. A bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Oxford, wanda ya fito a 1989 cikin juzu'i 20, an jera wa aikatau ɗin kaɗai ma'anoni 430, bayaninsu ya ci kalmomi kusan 60,000, wato tsawon matsakaicin littafi guda. Da wannan ne kundin Guinness ya ba ta kambun kalmar da ta fi kowace yawan ma'ana a Turanci.

Asalinta

Tushen aikatau ɗin shi ne "settan" ta tsohon Turanci, irin wanda ake yi a Ingila shekaru dubu da suka wuce. Ita kuma "settan" 'yar'uwar "sittan" ce, kakar kalmar "sit" ta yau mai nufin zama. Dangantakarsu irin ta "zauna" da "zaunar" ce a Hausa: ta farko mutum ne ke yi da kansa, ta biyu kuwa wani abu ake sawa ya yi. Ma'anar "set" ta asali ke nan, zaunar da abu. Turanci na da wasu tagwaye irin waɗannan, kamar "lie" da "lay", wato kwanta da kwantar, ko "fall" da "fell", wato faɗi da kayar. Danginta na kusa su ne "setzen" a Jamusanci da "zetten" a harshen Holan, can nesa kuma akwai "sedere" ta Latin, ita ma zama take nufi.

Aikatau ne da ba ya sauya siffa tsakanin lokacin yanzu da shuɗaɗɗen lokaci, kamar "put" da "cut". Wanda ya ce "I set the clock" yana iya nufin kullum yakan saita agogon, yana iya nufin ya riga ya saita shi, sai dai sauran zancen ya fayyace.

Yadda ma'anonin suka yi rassa

Wanda ya riƙe wannan tushe a ransa zai ga ma'anonin nan ba tarkace ba ne da aka zube wuri guda. Kowace ta haifi ta gaba da ita, kuma ana iya bin sawunsu.

Ta farko ita ce ajiye abu a mazauninsa: ɗora kofi a kan tebur, jera kwanuka kafin cin abinci, ko yadda maƙeri ke dasa dutse mai daraja a kan zobe. A maɗaba'ar da, mai jera haruffa yakan tsaya gaban akwati mai ɗakuna da yawa, yana tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, yana zaunar da su a juye cikin wani ɗan ƙarfe da ke hannunsa, har layi ya cika, sannan ya soma wani. Wannan aiki shi ake ce wa "to set type". Dalmar ta kau, kwamfuta ta karɓi aikin, amma har gobe sunan tsara rubutu don bugawa "typesetting" ne.

Abin da aka zaunar kuwa ya tsaya ke nan, ba ya gusawa. Daga nan aka sami ma'anar tsayarwa da ƙayyadewa: sa ranar biki, yanke farashi, shata iyaka, kafa tarihi a gasa, tsara tambayoyin jarrabawa. Duk waɗannan da "set" Bature ke faɗinsu, alhali Bahaushe na da aikatau daban ga kowanne. A wannan reshe ne kalmar ta fi birgewa, domin ta tashi daga abin da mutum ke yi wa wani abu ta koma abin da ke faruwa da kansa. Maɗori ko likita idan ya mayar da karyayyen ƙashi gurbinsa, an ce "he set the bone", ƙashin ma idan ya haɗe sai a ce "the bone has set". Haka siminti. Idan aka ce "the cement has set", ba bushewa ake nufi ba, ko da yake mutane da yawa haka suke ɗauka. Siminti na kamawa ne saboda haɗuwar sinadaransa da ruwa, har a ƙarƙashin ruwa ma yana kamawa, shi ya sa magina ke shayar da sabon bulo da dabe na kwanaki don su yi ƙwari. Kalmar ta dace da abin sosai: kwaɓin ya zauna, ya daina gudana. Sifar ma daga nan ta fito, kamar "set price", farashin da babu ciniki a kansa, ko tsohon da aka ce yana "set in his ways", wanda ba ya sauya hali.

Reshe na gaba shi ne shirya abu ya zauna yana jiran aiki, kamar ɗana tarko ko saita ƙararrawar agogo. A gasar tsere, bayan an kira masu gudu kan layi, kalmar da ake faɗi kafin ƙarar bindiga ita ce "set": kowa ya ɗaga ƙugu, ya ƙame, yana jira.

Sai kuma abin mamaki, kalmar da ta faro daga zama ta zo tana nufin tashi. "Set free" sakin wanda ke tsare ne, "set fire" cinna wuta, "set sail" tashin jirgin ruwa. Hanyar da aka bi ita ce, wanda ke iya sa abu a wani wuri yana iya sa shi cikin wani hali, ko da halin na motsi ne. Rana ma idan za ta faɗi, da wannan aikatau ake faɗa, daga nan "sunset" ta fito.

Sunan da ya shigo ta wata ƙofa

A matsayin suna, "set" tushe biyu gare ta. Wasu ma'anonin daga aikatau ɗin suke. Amma ma'anar rukuni, wato abubuwa masu tafiya tare, tana da alaƙa da "sette" ta tsohon Faransanci, wadda ta fito daga "secta" ta Latin, mai nufin ƙungiyar mabiya. Daga wannan tushen ne Turanci ya sami "sect", wato ɗarika ko ɓangaren addini. Kalmomin biyu sun yi kama a baki da a rubutu har suka narke suka zama ɗaya.

A wasan tanis, "set" zagaye ne da ake ci idan ɗan wasa ya kai wasa 6 da tazarar 2. A ƙwallon raga kalmar na da aiki biyu a fili ɗaya: ita ce zagayen da ake kaiwa maki 25, ita ce kuma ɗaga ƙwallo da yatsu kusa da raga don abokin wasa ya doka. Ta farko rukuni ce, ta biyu zaunarwa ce, tushen nan biyu ke nan gefe da gefe. A wajen shirya fim, ita ce dandalin da aka ƙawata don ɗaukar hoto. Akwatin rediyo ko talabijin ma "set" ne, domin tarin na'urori ne da aka harhaɗa. A lissafi kuwa ta zama babbar kalma tun bayan aikin Georg Cantor, masanin lissafi na Jamus wanda ya aza harsashin nazarin rukunai daga 1874. Shi da Jamusanci ya rubuta, kalmar da ta zauna a harshensa ita ce "Menge", masu Turanci suka sa "set" a gurbinta.

Akwai masu kama da ita da ba danginta ba. Set, abin bautar mutanen Masar na da, ba shi da haɗi da ita. Haka "asset", wato kadara, daga wata kalmar tsohon Faransanci take mai nufin isasshe.

Idan ta haɗu da ƙananan kalmomi

Wani abin da ya ƙara kumbura bayanin ƙamus shi ne haɗuwarta da ƙananan kalmomi irin su "up", "off", "in" da "aside", kuma nan ne ɗalibai suka fi shan wuya. "Set up" na nufin kafa kamfani, yana kuma nufin ƙulla wa mutum sharri. "Set off" kama hanya ne, amma tayar da bam ma haka ake cewa. "Set in" shi ne kankamar abu, kamar damina ko ciwo. "Set aside" keɓe kuɗi ne, a bakin alƙali kuma soke hukuncin ƙaramar kotu. Waɗannan ba a gane su ta fassara kalma bayan kalma, sai dai a koye su a cikin jimla. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, tunda shi ma da "ci" ɗaya yake cin abinci, cin kasuwa, cin jarrabawa, cin bashi da cin amana.

Turancin Najeriya ya ba ta wani aiki da ya yi ƙarfi a nan: 'yan ajin da suka gama makaranta a shekara ɗaya su ne "set". Hausa kuma ta aro ma'anar rukunin, ana jin setin kujeru da setin kwanuka a bakin masu haɗa kayan ɗaki.

Ƙidayar ma'anoni da zuwan "run"

Kambun bai dawwama a kanta ba. An soma fitar da bugu na uku na ƙamus ɗin Oxford a intanet a 2000, aka kuma faro gyaran daga harafin M. Da aka sake nazarin "make" sai bayaninta ya zarce na kowa a tsawo, "put" ta karɓa a 2007, sannan a 2011 "run" ta fito da ma'anoni 645 na aikatau kaɗai, bayan Peter Gilliver, ɗaya daga cikin editocin ƙamus ɗin, ya shafe kimanin wata tara yana aiki a kanta. Zamanin inji da kwamfuta ya taimaki "run", domin jirgin ƙasa, injin masana'anta da manhaja duk da ita ake faɗin aikinsu.

Sai dai a lura, awon bai zo daidai ba. Bayanin "set" mai ma'anoni 430 yawancinsa aikin farkon ƙarni na 20 ne, a sashen da edita Henry Bradley ya jagoranta a bugu na farko da aka kammala a 1928. Bugun 1989 haɗa tsohon aikin ya yi da ƙarin da aka yi masa daga baya, ba a sake rubuta shi daga tushe ba. Kuma adadin kansa ya dogara da hannun mai yanka: wani editan zai ɗauki kamawar siminti da haɗewar ƙashi ma'ana ɗaya, wani ya raba su biyu.