Teɓa

Teɓa, ko ƙiba mai yawa, ita ce taruwar kitse a jiki har ya kai matsayin da yake cutar da lafiya. Ba kowane mai jiki ne mai teɓa ba, domin akwai wanda ƙashi da tsoka ne suka ba shi nauyi. Abin da likitoci ke dubawa shi ne yawan kitsen, da inda ya kwanta, da ɓarnar da yake yi wa zuciya da hanta da gaɓoɓi. A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana teɓa a matsayin annoba da ta game duniya, a 2013 kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cewa cuta ce mai zaman kanta wadda ke buƙatar magani.

Yadda ake auna ta

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake kira BMI. Ana ninka tsayin mutum a mita da kansa, sai a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Mai tsayin mita 1.70 idan ya ninka zai samu 2.89. In nauyinsa kilo 72 ne, sakamakon 24.9 ne, yana bakin iyaka. In ya kai kilo 90, sakamakon ya zama 31.1. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa teɓa ce.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da wannan lissafi a shekarun 1830, kuma ba don duba marasa lafiya ya yi shi ba, yana nazarin siffar jama'a ne a dunƙule. Ancel Keys na Amurka ne ya raɗa masa sunan da ake kiran sa yau a 1972. Ma'aunin yana da amfani wajen kwatanta al'umma da al'umma, amma bai san tsoka ba bai san kitse ba, kuma ba ya faɗin inda kitsen yake. Wannan na ƙarshen babban gibi ne, saboda kitsen da ya taru a cikin tumbi ya kewaye hanta da hanji ya fi na cinyoyi da kwankwaso haɗari nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake haɗawa da awon ƙugu: fiye da santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace alama ce ta haɗari mai girma. Hanya mafi sauƙi ita ce kewayen ƙugu kada ya wuce rabin tsayin mutum, kuma igiya ma ta isa a gwada wannan. Mutanen nahiyar Asiya da dama kan kamu da ciwon suga a ma'auni mafi ƙasa, don haka wasu ƙasashensu suka rage iyakar.

Yaɗuwarta

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da teɓa. Manya biliyan 2.5 nauyinsu ya wuce kima, miliyan 890 daga cikinsu masu teɓa ne. Daga 1990 zuwa 2022 adadin ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin manya, ya ninka sau huɗu a tsakanin matasa. Tsibiran tekun Fasifik irin su Tonga da Samowa da Nauru ne ke kan gaba. A da ana ɗaukar ta cutar ƙasashe masu arziki, yanzu kuwa tana hauhawa da sauri a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, har a gida ɗaya a tarar da uwa mai teɓa da yaro mai tamowa.

Abin da ke kawo ta

A taƙaice, jiki yana tara kitse ne idan ƙarfin da ke shiga ta abinci ya fi wanda ake ƙonawa. Ana auna wannan ƙarfi da kalori: giram ɗaya na mai yana da tara, na sitaci ko sukari ko furotin huɗu. Lissafin gaskiya ne, sai dai bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, wato me ya sa wani yake ƙoshi da wuri, wani kuma yunwa take bin sa ko da ya ci.

Gado yana da hannu babba. A 1986 Albert Stunkard da abokan aikinsa sun bi diddigin mutanen da aka rena a gidajen da ba na iyayensu ba a ƙasar Danmak, suka tarar nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. Nazarin tagwaye ya nuna cewa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyi tsakanin mutane daga gado yake. Har abin da ya sami jariri a ciki yana bin sa: 'ya'yan matan da suke da ƙaramin ciki lokacin yunwar da aka yi a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 sun fi takwarorinsu yin teɓa da suka girma.

A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse da kansa ke fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. A 1999 masu bincike a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa yana tayar da yunwa. Waɗannan binciken sun sauya fahimtar al'amarin gaba ɗaya. Idan mutum ya rage nauyi, leftin ya ragu, girelin ya ƙaru, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, ta ƙara yunwa ta kuma rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa ko a kwance. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostareliya aka buga a 2011 ya tarar cewa shekara guda bayan rage nauyi waɗannan sinadarai ba su koma daidai ba, mutanen kuma sun fi jin yunwa fiye da kafin su fara. Wanda ya sauke kilo goma ya ga sun dawo, to da jikinsa yake kokawa, kuma kiran sa rago ko mai kwaɗayi zalunci ne.

Ƙarancin barci, damuwa mai tsawo, zama wuri ɗaya a bakin aiki, da wasu magunguna irin su sitiroyid da wasu na taɓin hankali, duk suna ƙara nauyi.

Wahalar cin abinci mai kyau

Halittar ɗan Adam ba ta sauya ba cikin shekara hamsin. Abin da ke gabansa a kasuwa ne ya sauya. Shawarar masana a bayyane take: aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a rana, hatsin da ba a cire masa dusa ba, dangin wake, gishiri ƙasa da giram 5, mai kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, sukarin da ake ƙarawa kuma ƙasa da kashi 10, wato kamar giram 50 ko ƙananan cokula 12 ga baligi. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Da a ce za a zuba wa mutum cokali tara na sukari a kofi a miƙa masa, da ya ture. A cikin gwangwani mai sanyi kuwa sai ya shanye a minti biyu, kuma ya zauna ya ci abincinsa cif, domin abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna.

Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo a Burazil shi ya ja hankali ga abincin da masana'antu suka sarrafa matuƙa, irin wanda ake haɗawa da tataccen gari da mai da sukari da sinadaran ƙamshi da launi. A 2019 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya gwada zancen. An kwantar da mutum 20 na tsawon mako huɗu, mako biyu suna cin irin wannan abinci, mako biyu suna cin wanda ba a sarrafa ba. An daidaita yawan sukari da mai da ƙarfin da ake ajiye musu a faranti, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana, suna ci da sauri, nauyinsu ya hau da kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren ya sauka da kwatankwacin haka. Ba wanda ya yi niyyar ƙarawa ko ragewa a cikinsu, abincin ne ya ja su.

Sai maganar aljihu, wadda masu ba da shawara kan tsallake. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a 2022 mutum fiye da biliyan 2.8 ba su da halin sayen abinci mai lafiya. Mai da sukari da tataccen gari suna da arha, suna cika ciki, suna daɗewa ba su lalace ba. Ganye da kifi da 'ya'yan itace suna da tsada, kuma kwana biyu sun ruɓe in babu firji. Mai rayuwar hannu baka hannu ƙwarya zai sayi abin da zai kashe yunwar yaransa yau. Ga kuma lokaci: wadda ta fita da asuba ta dawo da dare a gajiye, da yara suna kuka, ba ta da awa guda ta tsinke ganye, abin da ke cikin leda kuwa minti biyar ya isa. A kan wannan duka ga talla, wadda ake kashe wa maƙudan kuɗi, mai yawanta kuma yara take nufa tun ba su san bambanci ba.

Illolinta

Teɓa ita ce babbar ƙofar ciwon suga nau'i na biyu. Tana jawo hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, taruwar kitse a hanta, ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi cikin barci, tana kuma kawo matsala wajen ɗaukar ciki da haihuwa. A 2016 cibiyar binciken sankara ta duniya ta danganta yawan kitse da nau'in sankara 13. Akwai kuma illar da ba ta fita a gwajin jini, wato gori da tsangwama, a makaranta da wurin aiki, wani lokaci har a asibiti. Masu cewa gori yana zaburar da mutum sun yi kuskure. Abin da aka gani shi ne yana sa shi ƙaurace wa likita da wurin motsa jiki, ya ƙara ci cikin baƙin ciki.

Magani

Ba sai an rame ƙarmas ake cin moriya ba. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana gyara suga da hawan jini. A wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002, mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga waɗanda aka taimaka wa su gyara ci su kuma motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke nauyi sosai, amma yana kare zuciya yana kuma taimakawa kada abin da aka sauke ya dawo. Tsarin cin da ya fi shi ne wanda mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru.

A 2021 Amurka ta amince da allurar Wegovy, mai kwaikwayon wani sinadarin hanji da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A gwaji ta sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi a mako 68. Tana da tsada, tana sa tashin zuciya, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a shekara guda. Tiyatar rage girman ciki ita ce mafi ƙarfi kuma mafi ɗorewa ga masu teɓa mai tsanani, amma tana buƙatar kulawar likita har ƙarshen rayuwa.

Wasu gwamnatoci sun juya kan kasuwar kanta. Meziko ta sa harajin feso ɗaya, wato kuɗin ƙasar, a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2014, saye ya ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari a shekarar farko, kuma ya fi raguwa a gidajen talakawa. Chile ta tilasta buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk kayan da sukari ko gishiri ko mai ya yi wa yawa tun 2016, ta hana sayar da su a makarantu, ta cire hotunan zane masu jan yara daga kwalayensu. Birtaniya ta sanar da nata harajin a 2016 ta fara karɓa a 2018, tana ƙara shi gwargwadon yawan sukari, kuma kafin ranar ta zo kamfanoni da dama sun riga sun rage sukarin lemonsu don su kauce masa.