Mene ne kuki, kuma a ina burauza take ajiye shi?

Kuki ɗan guntun rubutu ne da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, ke ba burauza ajiya, ita kuma burauza ta riƙa haɗawa da shi duk lokacin da ta koma neman wani shafi a can. Da shi ne shafin intanet ke gane cewa wanda ya sa kalmar sirri ɗazu shi ne dai ya dawo. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma girman kuki ɗaya bai cika wuce bayit 4096 ba.

Masu koyon gina manhaja kan ɗauka kowane kuki fayil ne mai zaman kansa. Kusan haka tsohuwar Internet Explorer take yi, kowane shafi da fayil ɗin kukinsa, amma an bar wannan yayin. Chrome tana tara su duka a fayil ɗaya mai suna Cookies, wanda rumbun bayanai ne irin na SQLite. A Windows yana cikin User Data, sai Default, sai Network. Na Firefox sunansa cookies.sqlite. To amma buɗe fayil ɗin Chrome don neman dalilin da kuki ya ƙi aiki wahalar banza ce: abin da ke cikin kukin a rufe yake da mabuɗin sirri, kuma ba nan take burauzar ke rubuta sabon kuki a faifai ba, sai ta tara. Idan kuwa a tagar Incognito kake gwaji, ba za ka same shi a fayil ba sam.

Danna F12 kawai. A Chrome ka shiga Application, a Firefox ka shiga Storage, za ka ga kowane kuki da sharuɗɗansa. Idan babu shi a jerin, koma sashen Network na wannan tagar ta F12, ka danna buƙatar da burauza ta aika lokacin shiga da kalmar sirri, ka duba layin Set-Cookie. Sau da yawa saba ta aiko, burauza ce ta ƙi karɓa, kuma Chrome kan sa alamar gargaɗi a gefen layin da dalilinta.

Kuki mai Secure ba ya bin http, sai https. Mai HttpOnly yana nan daram, document.cookie, wato hanyar da JavaScript ke karanta kuki, ne kawai ba ya ganinsa, kuma da gangan aka yi haka saboda ɓarayin bayanai. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne SameSite, sharaɗin da ke faɗin ko kuki zai bi buƙatar da ta taso daga wani shafi. Tun daga Chrome 80 a 2020, kukin da ba a faɗi matsayinsa ba ana ɗaukarsa Lax, wato ba zai bi yawancin buƙatun da suka taso daga wani shafi daban ba. Mai son ya bi dole ya rubuta SameSite=None tare da Secure; in ya bar na biyun, a watsar da kukin. Idan kuma fuskar manhajarka da sabarka ba adireshi ɗaya suke ba, sai ka sa credentials: 'include' a cikin fetch, umarnin JavaScript na aika buƙata, sabar ma ta amince daga nata ɓangaren.

Akwai tarko a localhost, wato adireshin kwamfutarka da kake gwaji a kai. Kuki bai san lambar ƙofa (port) ba, don haka manhajar da ke 3000 da wadda ke 8000 suna iya taka kukin juna idan sunan ɗaya ne, kana shiga wannan waccan ta fitar da kai. Amma localhost da 127.0.0.1, duk da kwamfuta ɗaya suke nufi, a wurin burauza gida biyu ne.

Sai agogo. Tsohuwar kwamfutar kafe wadda ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan tashi da kwanan wata na bogi bayan an ɗauke wuta, kuma da agogon kwamfutar ake auna Expires, wato ranar mutuwar kuki, sai dai Chrome kan gyara bambancin da ke tsakanin agogonta da na saba. A burauzar da ba ta yin wannan gyara, in agogon ya yi gaba, kuki na iya mutuwa tun kafin a ajiye shi. In ya yi baya, ya ƙi mutuwa. Max-Age ya fi aminci a nan, don daƙiƙoƙi yake ƙirgawa daga lokacin da aka karɓe shi. Ko wanne ka zaɓa, Chrome ba za ta riƙe kuki fiye da kwana 400 ba sai an sabunta shi.