Boren gidan yari

Boren gidan yari, wanda ake kuma kira tarzomar fursunoni, shi ne yanayin da gungun ɗaurarru ke bijire wa gandirobobi a lokaci guda, su ƙwace iko da wani sashe na kurkuku ko dukkansa, na sa'o'i ko na kwanaki. Yakan zo da ƙone-ƙone, ɓalle ƙofofi, hawa rufin gini da yin garkuwa da ma'aikata. Ya bambanta da faɗan yau da kullum tsakanin fursuna da fursuna, ya kuma bambanta da harin da ake kawowa daga waje, irin wanda 'yan Boko Haram suka kai gidan yarin Bauchi a Satumbar 2010 suka saki mutum fiye da 700, ko na Kuje a Yulin 2022. Kafafen yaɗa labarai kan kira su duka “fasa gidan yari”, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Harin waje magana ce ta katanga da bindiga. Bore kuwa daga ciki yake tsirowa.

Musabbabi

Abin da aka fara dubawa kullum shi ne cunkoso. Ranar 1 ga Afrilun 1990, da bore ya tashi a gidan yarin Strangeways da ke Manchester a Ingila, mutum 1,647 ne a ciki, a wurin da aka tanadar wa 970. Gidan yarin Makala na Kinshasa an gina shi ne don mutum 1,500, amma yana ɗauke da fiye da dubu goma lokacin da mutum 129 suka mutu a yunƙurin tserewa na Satumbar 2024. Alƙaluman ba su cika nuna yadda abin yake ba. Ɗaki ne da ake rufewa tun la'asar, a tsakiyar bazara, mutane na kwance a gefe guda kamar an jera kifi, bokitin bahaya ɗaya a lungu, ga kuɗin cizo ga ƙazwa, ga gabzar da ba ta kai ciki. A irin wannan ɗaki taka ƙafar wani ma kan iya zama sanadin zubar da jini.

Koke-koken da fursunoni ke gabatarwa idan sun samu bakin magana yawanci ƙanana ne. A gidan yarin Attica da ke jihar New York a Amurka, kafin boren 1971, sau ɗaya a mako ake ba mutum damar wanka, takardar bayi kuma ƙunshi ɗaya a wata. Cikin buƙatunsu har da 'yancin yin addini da rage naman alade a abinci, domin akwai Musulmi da yawa a cikinsu.

Sai dai wahala kaɗai ba ta isa bayani ba. Akwai gidajen yari da suka fi waɗannan muni, suka shekara da shekaru babu wanda ya ɗaga murya. Masanin zamantakewa Gresham Sykes, wanda ya yi nazarin wani kurkuku a jihar New Jersey a shekarun 1950, ya nuna cewa gandirobobi ba su taɓa riƙe gida da ƙarfi zalla ba, tunda fursunoni sun ninka su yawa. Zaman lafiyar ya dogara ne kan wata fahimtar juna da ba a rubuta ba, ta a ba ni in ba ka. Daga baya, a 1989, Bert Useem da Peter Kimball suka bi diddigin manyan tarzomomin Amurka, suka kammala cewa bore kan biyo bayan rugujewar shugabanci: sauya shugabannin gida akai-akai, rashin jituwa tsakanin manya da ƙananan ma'aikata, dokar da ake bi yau a watsar gobe, ƙofar da ya kamata a kulle aka bar ta a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Santa Fe a jihar New Mexico, 2 zuwa 3 ga Fabrairun 1980. A shekarun da suka gabata an rage karatu da sana'o'in da ke ɗebe wa fursunoni kewa, hukumar gidan kuma ta koma dogaro da 'yan tsegumi daga cikinsu. Da gidan ya kuɓuce, masu boren suka nufi sashen da aka keɓe waɗanda ake zargi da kai rahoto. Fursunoni 33 suka mutu cikin sa'o'i 36, akasarinsu a hannun 'yan'uwansu.

A Kudancin Amurka abin ya ɗauki wani salo, inda ƙungiyoyin masu safarar ƙwaya suka mayar da kurkuku hedikwata. Mutum 56 suka mutu a Manaus ta Brazil ranar 1 ga Janairun 2017, sama da 100 kuma a Guayaquil ta Ekwado a Satumbar 2021, duk a faɗan ƙungiya da ƙungiya. Wannan ba bore ne a kan hukuma ba. Yaƙi ne a wurin da hukuma ta riga ta sakar wa wasu ragama.

Abin da ke kunna wutar a ranar kuwa sau da yawa bai taka kara ya karya ba. A gidan yarin Lucasville da ke jihar Ohio a Amurka, a Afrilun 1993, gwajin tarin fuka ne: fursunoni Musulmi suka ƙi allurar saboda sun ce akwai sinadarin barasa a ciki, shugaban gidan ya dage sai an yi. A Maris ɗin 2020 kuma tsoron korona da hana ziyarar dangi suka tayar da gidajen yari a Italiya da Kolombiya.

Rigakafi

Rahoton da aka fi ambata a wannan fanni shi ne na alƙali Woolf, wanda ya binciki boren Strangeways ya miƙa sakamako a 1991. Ya ce ƙafa uku ke riƙe gidan yari, wato tsaro, iko da adalci, kuma Ingila ta yi sakaci da na ukun. Adalci a nan na nufin a gaya wa fursuna dalilin hukuncin da aka yanke a kansa, a kuma samar masa inda zai kai ƙara a saurare shi. Bayan rahoton aka kafa ofishi mai zaman kansa na karɓar koken fursunoni a 1994, aka kuma shiga sanya masai a ɗakuna don a daina fitar da bokiti kowace safiya.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka raɗa musu sunan Nelson Mandela, guda 122 ne. Sun hana keɓe mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, sun hana a ba fursuna ikon hukunta ɗan'uwansa, sun wajabta raba masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci. Ta biyun ce aka fi takawa, domin inda ma'aikata suka yi ƙaranci, shugaban ɗaki ne ke raba wurin kwana, ya karɓi haraji, ya yi shari'a.

Gogaggen gandiroba kan ji ƙanshin bore kafin ya tashi. Fursunoni na ɓoye abinci, masu rauni na roƙon a sauya musu sashe, filin da aka saba jin hayaniya ya yi tsit, ma'aikata na yawan neman hutun rashin lafiya. Wanda ke shiga cikin mutanensa, ya san sunansu da damuwarsu, shi ke ganin waɗannan. Na kan hasumiya ba ya gani.

A Najeriya tushen cunkoson yana kotu da ofishin 'yan sanda, domin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi. Dokar 2019, wadda ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, ta ba jami'anta ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika, ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Manyan jojin jihohi kan zaga su sallami waɗanda zamansu ya wuce ƙa'ida. A ƙarshen 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da sakin mutum 4,068 waɗanda rashin biyan tarar kotu kawai ya riƙe su.

Shawo kansa

Idan bore ya riga ya tashi, matakin farko shi ne killace shi: rufe ƙofofin da ke haɗa sassa, kare makullai da ɗakin makamai da na magani, ƙirga ma'aikata, a kuma buɗe hanya ga fursunonin da ke son fita, waɗanda galibi su ne mafi yawa. Daga nan zaɓi biyu ne, a kutsa da ƙarfi ko a zauna a tattauna. Kutsawa na iya yin amfani a mintocin farko, kafin masu bore su shirya, ko idan an fara kashe waɗanda aka yi garkuwa da su. Bayan wannan, tarihi ya fi goyon bayan haƙuri.

A Attica an yi kwana huɗu ana tattaunawa, gwamna Nelson Rockefeller ya ƙi zuwa wurin, sannan ranar 13 ga Satumbar 1971 aka watsa hayaƙi mai sa hawaye, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Mutum 39 harsashinsu ya kashe, 10 daga ciki ma'aikatan da aka je ceto ne. Hukuma ta fara cewa fursunoni ne suka yanka su, sai binciken gawa ya ƙaryata. A Lucasville kuwa an yi kwana 11 ana ja-in-ja, fursunoni 9 da gandiroba ɗaya suka mutu, aka ƙare da yarjejeniya mai sharaɗi 21 ba tare da an kutsa ba. Strangeways ya ɗauki kwana 25, ginin ya lalace ƙwarai, amma rayukan da aka rasa biyu ne.

Abin da ke biyo baya ma yana cikin aikin. Dukan ramuwar gayya da aka yi wa fursunonin Attica ya ja shari'ar da ba ta ƙare ba sai 2000, da jihar ta amince ta biya su dala miliyan 8. A gidan yarin Carandiru da ke São Paulo a Brazil, 'yan sandan soja sun shiga ranar 2 ga Oktobar 1992 don raba faɗa, suka fito an kashe fursunoni 111, babu ɗan sanda ko ɗaya da ya mutu. Kwamandansu, Kanal Ubiratan Guimarães, an yanke masa ɗaurin shekara 632 a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2006. Shekara guda bayan kisan, wasu fursunoni a gidan yarin Taubaté suka kafa ƙungiyar PCC, suna cewa don kada a sake yi musu irin na Carandiru. Ita ce yau babbar ƙungiyar masu laifi a Brazil.